Kwamfuta 25 a Makarantar da Babu Tsayayyar Wuta: Nazarin Wani Aiki a Karkarar Jigawa

Makarantar sakandare ce ta je-ka-ka-dawo a wani gari da ke tsakanin Gumel da Maigatari, sai an sauka daga kwalta an bi burji kafin a isa. Ɗalibanta na ajin ƙarshe suna zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, kamar kowa, kuma tun 2015 da hukumar ta ajiye takarda da fensir ta koma kwamfuta baki ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe linzami ba yana shiga ɗakin jarrabawa ne da jarrabawa biyu a gabansa: ta tambayoyin, da ta na'urar. Tambaya 180 ce cikin awa biyu. Wanda ya ɓata minti ashirin yana laluben inda zai danna, ko da ya haddace littafin, an riga an ci shi da yaƙi. Wannan ne ya sa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ta yi karo-karo don a buɗe ɗakin kwamfuta, aka kuma nemo ni in kafa shi.

Takardar da suka miƙo mini ta riga ta yanke komai: kwamfuta 40 na hannu, irin manyan nan masu akwati, teburi da kujeru, fenti, da allon da za a rubuta sunan ƙungiya a ƙofa. Na duba daga sama har ƙasa ban ga layin wuta ba. Da na tambaya, aka ce ai akwai falwaya a bakin makarantar, akwai kuma ƙaramin janareta a ofishin shugaban makaranta.

Na roƙi kada a sayi ko kebul ɗaya sai na ga ɗakin. Aji ne mai rufin kwano ba silin, tagoginsa huɗu, biyu babu gilashi. Soket ɗaya ne a bango, shi ma wayarsa a waje. Wutar garin tana zuwa, amma yawanci da dare, kuma da na samu ta zo na sa mita, ƙarfinta bai kai volt 180 ba, alhali 230 ya kamata a gani. Ginin gaba ɗaya ba shi da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Janaretan ofis kuwa irin wanda ke ɗaukar fanka da firinta ne, ba wanda za a ɗora wa aji guda ba. A irin wannan ɗaki, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a waje, a ƙarƙashin kwano, na'ura arba'in masu fitar da zafi ba za su kai damina biyu ba.

Lissafin da na kai wa kwamiti ba mai wuya ba ne. Tsohuwar kwamfuta mai akwati da allonta takan ci wat 120 zuwa 150. A ɗauki na ƙasa, a ninka sau 40, an doshi wat 5,000 ke nan kafin a kunna fanka ɗaya. Sabbin ƙananan nan da ba su wuce girman littafin addu'a ba, waɗanda ake maƙalawa a bayan allo, ita da allonta ba su cika wuce wat 45 ba a aikin aji. Guda 25 sun tashi wat 1,125. A ƙara fankoki huɗu, fitilu da na'urar haɗa layi, ana wajen wat 1,500. In ɗakin ya yi aiki awa biyar a yini, yunit bakwai da rabi ke nan, irin yunit ɗin da mutum ke saya a mitar gida. Wannan abu ne da sola za ta ɗauka ba tare da an sayar da gona ba, musamman da yake lokacin darasi shi ne lokacin da rana ke tsaka.

Akwai dalili na biyu da ya sa na ƙi na hannun. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa daga zubi na takwas zuwa sama. Akasarin na hannun da kuɗin ƙungiyar zai iya saye guda 40 'yan zubi na huɗu ne zuwa na shida. Masu gyara sun san dabarar tura musu Windows 11 da ƙarfi, ni ma na sani, amma ba zan yi wa makaranta wannan ba, domin ranar da wani sabuntawa ya ƙi hawa babu mai gyara a kusa.

An kai ruwa rana a zaman. Shugaban ƙungiyar, dattijo ne ɗan kasuwa da ya fi kowa zuba kuɗi, ya ce, "Injiniya, mu fa kwamfuta muka gaya wa mutane za mu saya. In suka zo buɗewa suka ga ashirin da biyar, me za mu ce musu? Batir muka saya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in suka dawo bayan shekara suka tarar da ashirin da biyar ɗin a kunne yara na kai, ba sai an ce musu komai ba." Wani ya kawo maganar ko za a iya mayar da wurin cibiyar zana JAMB ɗin kanta, a riƙa samun kuɗin shiga. Sai da na yi bayanin cewa cibiyar da hukumar ke amincewa da ita kwamfuta 250 ake nema a zaure ɗaya, ban da na ko-ta-kwana, ga kyamarori da sauran ƙa'idoji. Namu ɗakin koyo ne da gwaji, kuma gara a san haka tun yanzu. Wanda ya raba gardamar shi ne shugaban makarantar, wanda bai ce uffan ba tun farko. Ya ce shi ya taɓa koyarwa a inda aka kawo kwamfutoci aka jera, aka yi biki, suka shekara a rufe da leda. Ya ce, "Alhaji, wanda ya sayi doki bai tanadi harawa ba, kallo kawai ya saya." Aka tsaya a kan 25: ashirin da huɗu na ɗalibai, ɗaya ta malami, ragowar kuɗin ya tafi wuta da gyaran ɗaki.

Aikin ɗaki bai ɗauki dogon tunani ba. Aka yi silin, aka sa gilashi da raga a tagogi, aka ƙarfafa ƙofa da ƙarfe, kafinta na garin ya haɗa dogayen tebura huɗu. Duk wata waya, ta wuta ko ta sadarwa, ta bi cikin bututun roba saboda ɓera. Sola kuwa faranti takwas ne masu wat 450, inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida) mai kVA 5, da batirin litiyam ɗaya mai ɗaukar yunit biyar. Inbata da batir na sa su a ɗan siton da ke jikin ajin, ba cikin ajin ba, inda iska ke shiga kuma hannun yara ba ya kaiwa.

Inda na tsaya kai da fata shi ne wayar ƙasa. Mai aikin wutar ya so ya soka sandar tagulla a bayan taga ya tafi, kamar yadda aka saba. Ƙasar wurin jigawa ce, rairayi busasshe, kuma busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da kyau; sanda a cikinsa ado ce kawai. Muka zaga har muka samu inda ruwan alwalar masallacin makaranta ke gangarowa, wurin da ƙasa ba ta bushewa ko da bazara, muka kafa sanduna biyu a nan muka haɗa su da waya mai kauri zuwa akwatin rarraba wuta. Aka sa abin kare tsawa a ɓangaren farantai da kuma ɓangaren da ke shiga aji. Mutane ba sa ganin wannan aikin, shi ya sa shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙasa. Amma hadarin farkon damina a wannan yankin da tsawa yake zuwa, kuma farantai a kan kwano a fili fetal ba abin wasa ba ne.

Kwamfutocin daga wajen wani dila a Kano aka saye su. Sharaɗin da na sa shi ne ba za a cika kuɗi ba sai an buɗe kowane kwali a shagon. Mutum biyu daga kwamiti suka zauna da ni, ina kunnawa ɗaya bayan ɗaya, ina shiga BIOS, wato shafin saitin da ke nuna kayan cikin na'ura kafin Windows ta tashi, ina karanta abin da ke ciki, su kuma suna rubuta lambar jikin kowace a littafi. Rasidi ya ce kowace tana da RAM, wato ma'adanar aiki, na giga 8 da rumbun ajiya na SSD mai giga 256. Guda 23 suka fito daidai. Ɗaya ta nuna giga 4, ɗaya kuma ta ƙi nuna komai a allo. Aka canza su nan take, babu ce-ce-ku-ce. Da a ƙauye aka gano, da sai dai a yi ta waya ana cewa "ai lafiya lau muka ba ku". Na kuma sa aka rubuta wa'adin garanti a kan takardar da ke ɗauke da lambobin, ba da baki ba.

Ban kai su makaranta a ranar ba. Windows 11 sabuwa in ka kunna ta, tana neman intanet tun a matakin farko, sannan ta jawo sabuntawa mai giga da yawa. A garin da sabis ɗin waya sai an fita bakin fili ake samun sanda biyu, yin wannan sau 25 ɓata data ne da ɓata lokaci. Don haka na zauna a Kano inda layi ke da ƙarfi, na ɗauki guda ɗaya na mayar da ita uwa, wadda za a kwafa zuwa sauran. Na sabunta ta har ta daina neman komai. Na cire wasanni da tarkacen gwaji da ke zuwa da sabuwar na'ura. Na sa LibreOffice don rubutu da lissafi, tunda kyauta ce kuma babu ranar da za ta tsaya tana neman lasisi. Na sa manhajar koyon buga rubutu, da ta gwajin jarrabawa wadda ba ta buƙatar intanet, wadda aka biya kuɗinta yadda ya dace. Na daidaita agogo zuwa lokacin Najeriya, na kuma ƙara tsarin rubutun Hausa da ke cikin Windows, domin yaro ya iya buga ƙ da ɗ da ɓ yadda malamin Hausa ke koya masa, ba ya rubuta ƙasa ta koma kasa ba. Ban ga amfanin ɗakin kwamfuta a ƙasar Hausa da ba a iya rubuta Hausa daidai a cikinsa ba.

Da uwar ta kammala, na bi ta da Sysprep, wato kayan aikin Windows da ke goge alamomin da suka keɓanta da na'ura ɗaya don kada 'ya'yan su fito da shaida iri guda su riƙa karo a layi. Daga nan na ɗauki hotonta, wato kwafin duk abin da ke rumbunta, da manhajar Clonezilla na zuba a rumbun waje. Kowace daga cikin sauran sai a tashe ta da filash, a sauke mata hoton, cikin kwata ɗaya na awa ta zama kamar uwar. Lasisin Windows na kowace yana jikinta tun daga masana'anta, don haka da ta ga intanet sau ɗaya sai ta tabbatar da kanta. Na ba su suna daga 01 zuwa 24, aka rubuta lambar da fenti a jikin na'ura, a bayan allo, a ƙarƙashin kibod da kuma kan tebur. Abin kamar wasa, amma shi ne ke sa malami ya kira ni ya ce "lamba 17 ba ta kawo hoto" maimakon "wata daga ciki ta lalace".

Asusu biyu ne a kowace. Na ɗalibi ba shi da ikon sa manhaja ko cire ta. Na mai kula yana da kalmar sirri. BIOS ma na kulle shi, na hana tashi daga filash sai da izini. Layin sadarwa na waya ne, Cat6, zuwa suwic biyu, wato akwatunan da ke haɗa kwamfutocin, domin babu teburin da ya yi kusa da iyakar mita 100 da wayar ke iya ɗauka, kuma waya ba ta yin halin wayales na yau akwai gobe babu. A kwamfutar malami na sa Veyon, wadda ke ba shi damar ganin allon kowane ɗalibi daga kujerarsa, ya nuna musu nasa, ko ya kulle duka in yana son a saurare shi. Na kuma sa Kiwix da Wikipedia ta Hausa da wani sashe na ta Turanci, yadda za a karanta daga kowane tebur ba tare da data ba. Intanet kuwa ƙaramar rawuta ce mai layin waya da eriya a kan rufi, ana kunna ta ne kawai ranar sabuntawa. Na buɗe tsarin da ke cikin Windows wanda ke sa na'urorin da ke layi ɗaya su raba abin da ɗaya ta sauke, don kada a sayi abu guda sau 25.

Ranar da 'yan aji uku suka fara shiga, na tsaya a baya ina kallo. Wata yarinya a tebur na biyu ta ɗaga linzamin sama tana juya shi a iska tana kallon allo, kibiyar ba ta motsa ba. Ta ajiye, ta goge tafinta a hijabi, ta sake ɗauka. Ta kusa da ita ta kama hannunta ta dafa shi a kan tebur, suka ja tare, kibiyar ta tafi. Wani yaro kuma ya danne harafi ɗaya bai ɗaga ba har layi uku suka cika, ya janye hannu da sauri kamar ya yi ɓarna. Waɗannan yara ne da suka iya waya sarai, wasunsu sun fi ni saurin rubutu da babban yatsa. Abin da ba su saba da shi ba shi ne hannu a wuri ɗaya, ido a wani wuri. Saboda irinsu ne JAMB ta tsara a iya amsa jarrabawar da 'yan haruffa kawai: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Na ce wa malamin ya fara da wannan a makon farko, linzami ya biyo baya, domin tsoro ake fara cirewa.

A makon nan kuma wani abu ya bayyana da ba ya cikin lissafina na wat. Da an buɗe ƙofa maza ke rugawa su cika kujeru, mata su tsaya a baya, kuma da an tashi su ne ke fara tafiya gida saboda aiki. Na kai wa shugaban makaranta maganar, shi da mataimakiyarsa suka raba jadawalin: kowane rukuni da lokacinsa, na mata a cikin sa'o'in safe, kowa kuma da lambar teburinsa a rajista.

Ba a yi wata guda ba aka kira ni: inbata yana ta kuka yana ɗaukewa da sassafe. Ta waya na sa malami ya karanta mini abin da ke allonsa, batir ya sauka ƙasa sosai, alhali an bar shi a cike da yamma. Da na zo na tarar da doguwar waya ta fita ta ƙarƙashin ƙofar sito zuwa ɗakin mai gadi. Wayoyin unguwa ne ake caji da dare, har da fitilu, kuma wani ya taɓa kawo dutsen guga, wanda shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye. Na zauna da dattijon a kan bencinsa. Ya ce, "Yaro, garin nan duhu ne, ga wuta a ɗaki tana zaune. Maƙwabci ya kawo waya in ce masa a'a?" Na ce, "Baba, gaskiyarka. Amma in ta ƙare da dare, jikokinka ne za su zauna da safe ba karatu." Hani kawai ba zai yi aiki ba, na san da haka. Da izinin shugaba muka fitar da soket huɗu a baranda a kan layinsu daban, da ƙaramin abin yanke wuta da zai ɗauki caja amma ya faɗi in an sa guga ko hita, kuma suna aiki ne da rana kawai lokacin da farantai ke ba da fiye da abin da aji ke ci. Baba ne aka damƙa wa kula da su. Tun daga nan batir ke kwana a cike.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Filash ɗin da malamai ke kaiwa shagon buga takardu ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi, amma da yake asusun ɗalibi ba shi da iko, bai yi nisa ba. Yanzu kowane filash sai ya bi ta kwamfutar malami. Ƙurar hunturu kuwa ba a hana ta, sai dai a rage: tela ya ɗinka wa kowane tebur mayafi, ana busa na'urorin da bulowa duk ƙarshen wata, ana wanke farantai da sassafe kafin su yi zafi. Bayan wani hutu an tarar zanzaro ya yi gini a ramin iskar inbata, sai aka ƙara raga.

Miƙa aiki shi ne abin da na fi ba lokaci. Shugaba ya so a damƙa ɗakin ga wani matashi mai hidimar ƙasa, kuma lallai ya fi kowa sanin kwamfuta a makarantar. Na ce a yi amfani da shi iyakar iyawa, amma hidimarsa shekara ɗaya ce, ranar da ya tafi da abin da ke kansa zai tafi. Aka zaɓi malamai biyu 'yan garin, na lissafi da wata malamar Turanci. Ban tsaya ga bayani ba. Na goge kwamfuta lamba 9 a gabansu, na miƙa musu filash da rumbun hoton da takarda mai shafi biyu da na rubuta da Hausa, na koma gefe na yi shiru. Malamin lissafin ya tsaya a wajen zaɓen rumbu, yana tsoron kada ya goge wanda bai kamata ba, kuma tsoron nasa daidai ne, nan ne kaɗai wurin da ake iya yin asara. Malamar ta duba girman da aka rubuta a takarda, ta nuna masa 256, suka ci gaba. Da na'urar ta tashi ta nuna allon shiga, suka sa mata sunanta da kansu. Kalmomin sirri suna cikin ambulan a rufe a ofishin shugaba, kwafin hoton na biyu kuma yana wajen sakataren ƙungiya a Gumel, don kada gobara ko sata su haɗa da duka.

Zuwa yanzu duka 25 suna aiki. An canza linzami uku da kibod ɗaya daga cikin rarar da muka saya tun farko, rarar kuma ta kusa ƙarewa. Nan ne maganar ta tsaya, domin karo-karon na saye ne, ba a ware ko sisi na gyara ba. Wasu a kwamiti suna son a buɗe ɗakin da yamma ga matasan gari su koyi kwamfuta su biya wani abu, kuɗin ya shiga asusun gyara. Shugaban makaranta yana jin tsoron abin da zai biyo baya in baƙi suka fara shiga makaranta bayan an tashi. Ni na goyi bayan a buɗe, da sharaɗi uku da na rubuta musu: a tashi kafin la'asar sakaliya don batir ya samu abin kwana, ɗaya daga malaman biyu ya kasance a ciki kuma a biya shi ladansa, kuɗin kuma ya shiga asusun da sai mutum biyu sun sa hannu. Za su zauna a kai a taron ƙungiya na bayan sallah, kuma na nemi a sa kuɗin data na sabuntawa da na rarar linzami goma a farkon abin da za a tattauna.